Fashin Baƙi: Shin Sai An Ɗura Wa Akwatin Kifi Iskar Kabon Tsirrai Za Su Rayu?

Shin gaskiya ne tsiron da aka dasa a akwatin kifi ba ya rayuwa sai an haɗa masa tukunyar iskar kabon? In kuma an haɗa, ba kifin za a shaƙe ba? Tambayoyin nan biyu ne suka fi yawo a bakin masu kiwon kifin ado tun da bidiyoyin akwatuna masu cike da tsirrai suka mamaye YouTube da TikTok. Mutum zai ga ciyawa kore shar ta shimfiɗe ƙasan akwati, ya je ya sayo irinta, bayan 'yan makonni ganye ya yi ɗorawa ya narke, gansakuka ta rufe gilashi. Ya koma wurin mai shago, a ce masa ai gas ne babu. Wani kuma ya ja shi gefe ya ce kul, gas ɗin nan ne ya kashe wa wane kifaye a dare ɗaya. Duk su biyun akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, sai dai kowanne ya bar rabin zancen a baya.

Me tsiro ke yi da wannan iska?

Iskar da ake magana a kai ita ce kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2, wato wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, kuma ita ce ke tsirgawa a harshe idan an sha lemon kwalba. Tsiro yana haɗa ta da ruwa da ƙarfin haske ya ƙera sukarin da yake gina jikinsa da shi, ya saki iskar oksijin. In aka busar da tsiro aka auna, kusan kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na nauyinsa kabon ne. Ke nan duk takin da ake ɗiga wa akwati ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da wannan.

Tsiron tudu ba ya wahala, domin iskar na kewaye da shi. Na cikin ruwa shi ke shan wuya. CO2 na tafiya a cikin ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurinta a sarari, kuma ruwan da aka ajiye a buɗe ba ya riƙe ko miligiram ɗaya cikakke a kowace lita. A akwatin da ke da kifi, numfashinsu da ruɓewar datti kan ɗaga adadin zuwa miligiram 2 ko 3. Masu ɗura gas kuwa suna neman 20 zuwa 30.

Wanda ya san tafki ya riga ya ga yadda tsirrai ke kauce wa wannan ƙarancin. Kainuwa tana zaune a saman ruwa, ganyenta a sarari, ba ruwanta da abin da ke ƙasa. Bado yakan miƙo ganyensa har sai ya fito fili. Shi ya sa su biyun ke bunƙasa a akwati ba tare da wata tukunya ba. Matsalar tana wajen tsirran da aka tilasta wa zama a nutse ƙarƙashin fitila mai ƙarfi.

Inda al'adar ta samo asali

Sunan da ya fi fitowa a wannan fage shi ne Takashi Amano, ɗan Japan daga yankin Niigata, wanda aka haifa a 1954 ya rasu a 2015. A shekarun 1970 ya yi ta fama da tsirrai masu mutuwa, har ya gwada zuba musu ruwan soda mai gas ya ga sun farfaɗo. A 1982 ya kafa kamfanin Aqua Design Amano, kuma hotunan akwatunansa ne suka sauya wa duniya tunani kan abin da za a iya yi da gilashi da ruwa da duwatsu. A Jamus ma kamfanin Dupla ya yaɗa kayan ɗura gas ga masu kiwo a gida. Kusan duk akwatin da ake gani a bidiyo yau, mai shimfiɗar ciyawa da jajayen ganye, daga wannan tafarki ya fito.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. Diana Walstad, 'yar Amurka, ta shahara da tsarin zuba ƙasar noma a ƙarƙashin tsakuwa, a rage haske, a bar ruɓewar da ke faruwa cikin ƙasar ta riƙa samar da kabon a hankali. Babu tukunya, babu bawul, wato makunnin buɗe gas da rufe shi. Tsirrai ba sa girma da gudu, amma akwati yakan daɗe lafiya. Mabiya tsarin biyu sun daɗe suna ja-in-ja, alhali a ganina ba abu ɗaya suke nema ba tun farko.

Wa ke buƙata, wa ba ya buƙata?

Amsar tana wajen irin tsiron da ƙarfin fitilar. Anubias, wanda asalinsa na rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, a inuwa ya saba kuma girmansa a hankali yake. Haka Bolbitis, da Cryptocoryne na Asiya, da ganyen nan da ake ɗaurawa a itace wanda ake dangantawa da tsibirin Java. Vallisneria ma har dabara take da ita ta ciro kabon daga gishirin bayikabonet da ke cikin ruwa mai nauyi, wato mai yawan ma'adinai. Wanda waɗannan ne tsirransa, gas zai ƙara musu kyau, amma ba dole ba ne.

Masu shimfiɗa irin su Hemianthus callitrichoides na Kyuba da Glossostigma, da yawancin jajayen Rotala, su kam da wuya su yi abin kirki ba tare da gas ba.

Haske da kabon da taki duwatsun murhu uku ne, in ɗaya ya gaza tukunya ta karkace. Abin da sababbin shiga ba su cika ganewa ba shi ne haske ne ke tayar da yunwar tsiro. Ka ƙara fitila, tsiro ya buƙaci ƙarin kabon. In bai samu ba ya tsaya, ya raunana, gansakuka kuwa da ɗan abin da ya rage take wadatuwa. Don haka mutane da yawa da aka ce wa su sayi tukunya, maganinsu na gaskiya shi ne su rage hasken, su kuma taƙaita shi zuwa awa 6 zuwa 8 a rana. Wannan ba ya cin ko sisi.

Kayan aikin, daga tukunya zuwa ruwa

Farko akwai tukunyar. CO2 ɗin da ke cikinta ruwa-ruwa ne saboda matsi, shi ya sa dole ta tsaya a tsaye, a kuma ɗaure ta kada ta faɗi. In aka kwantar da ita, ruwan gas ɗin zai shiga regileta, wato na'urar rage matsi, ya lalata ta. Matsin cikinta a ɗaki mai sanyi yakan kai 55 zuwa 60 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma ba ya sauka ko kaɗan sai ruwan ya ƙare. Ma'ana, allurar agogon matsi ba za ta gaya maka saura nawa ba. Sai dai ka ɗora tukunyar a sikeli ka cire nauyinta na asali da aka buga a wuyanta. Ranar da ka ga allura ta fara sauka, to gas ya zo ƙarshe.

A tabbata CO2 zalla aka cika. Masu walda suna da tukwane iri-iri, akwai ta oksijin, akwai mai gaurayen wata iska da ake kira agon, kuma ba ɗaya ba ce da wadda ake nema. A kuma duba zaren bakin tukunya kafin a sayi regileta, domin na Amurka, CGA320, ya sha bamban da na Turai, W21.8, ko da yake a ido sun yi kama. Wanda ya matsa da ƙarfi don su shiga juna yana neman yoyo ne.

Regileta ita ce ke sauke wancan babban matsi zuwa 2 ko 3 a ma'aunin bar. Akwai mai mataki ɗaya, akwai mai biyu. Wasu masu mataki ɗaya suna da mummunar ɗabi'a: idan tukunya ta kusa ƙarewa sai matsin da suke fitarwa ya haura, ragowar gas ya kwarara cikin akwati lokaci guda. Kifaye da yawa a nan suka tafi. In aljihu zai iya, mai mataki biyu ta fi kwanciyar hankali. In ba zai iya ba, a cika tukunya da zarar allura ta motsa.

Bayan regileta sai bawul mai aiki da lantarki, wanda 'yan harkar ke kira solinoyid. Idan da wuta yana buɗe, idan babu ya rufe, don haka ake haɗa shi da agogon kunnawa da kashewa. Sai bawul mai allura, ɗan ƙaramin makunnin da ake murzawa kaɗan-kaɗan don daidaita yawan gas. Shi ne zuciyar aikin. Mai arha yakan sauya da kansa, ka bar shi a wani ma'auni da safe ka tarar da shi a wani da yamma. Sai 'yar kwalbar ƙirga ƙwayoyin iska, sai bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya cikin regileta idan gas ya tsaya. Tiyon ma a nemi wanda aka yi domin CO2, saboda tiyo mai laushi na famfon iska yana barin gas ya tsere ta jikinsa.

A ƙarshe akwai abin da ke narkar da gas ɗin a ruwa. Wanda aka fi sani ɗan faifan tangaram ne da ke farfasa gas ya zama ƙura. A ajiye shi ƙasa-ƙasa, a inda ruwan da ke fitowa daga filta zai kwashi ƙurar ya zagaya da ita ko'ina. In ƙwayoyin suna tashi kai tsaye suna fashewa a sama, ɗakinka kake ɗura wa gas. Manyan akwatuna sun fi dacewa da wanda ake haɗawa a tiyon filta, ko wani bututu da gas ke narkewa a cikinsa gaba ɗaya kafin ruwa ya shiga akwati.

Da an gama haɗawa, a kwaɓa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa da ɗan buroshi, a tsaya a zuba ido. Inda ke yoyo za ka ga kumfa na kumbura a hankali, ta fashe, wata ta taso. Tukunyar da ya kamata ta yi watanni tana iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki saboda wata roba 'yar mitsitsiya da ba ta zauna daidai ba.

Ƙirgen ƙwayar iska ba ma'auni ba ne

Tambayar da aka fi yi ita ce, ƙwaya nawa zan sa a daƙiƙa? Babu amsa ɗaya. Girman ƙwaya ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, kuma nawa ne ya narke ya danganta da faifan, da gudun ruwa, da motsin saman akwati, da yawan tsirrai. Amfanin ƙirgen kawai shi ne ka san ko yau daidai take da jiya a akwatinka kai kaɗai.

Ma'auni na gaskiya yana cikin ruwan. Idan CO2 ta narke, wani ɓangarenta yakan zama ɗan asid mai rauni, sai ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka. Saukar maki ɗaya cif na nufin gas ya ninka sau goma. Saboda haka sai a ɗebi ruwan akwati a kofi, a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu gas ɗinsa ya fice, a auna. In ya nuna 7.6, to abin da ake nema lokacin da fitila ke kunne shi ne wajen 6.6. Barin ruwan ya kwana yana da muhimmanci musamman ga masu amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fito da nasa gas ɗin, ya ruɗi mai awo.

Akwai kuma jadawalin da ke haɗa pH da nauyin ruwa na kabonet, wanda ake kira KH. Misali, KH 4 da pH 6.6 suna ba da kusan miligiram 30. Jadawalin yana aiki ne idan babu wani asid a ruwan, alhali itace da ƙasar dashe ta musamman duk suna sakin nasu, don haka ba na dogara da shi shi kaɗai.

Hanya ta uku ita ce 'yar kwalbar gilashi da ake mannawa a cikin akwati, mai ɗauke da ruwan gwaji na KH 4 da rinin da ke sauya launi. Shuɗi na nufin gas ya yi kaɗan, kore daidai, rawaya ya yi yawa. Tana da kyau don kallo ɗaya, amma a tuna tana makara da awa ɗaya zuwa biyu. Launin da kake gani yanzu labarin ɗazu ne.

Game da lokaci, ana buɗe gas awa ɗaya ko biyu kafin fitila ta kama, domin tsiro ya tarar da abincinsa a shirye, a kuma rufe shi kamar awa ɗaya kafin ta mutu. Da dare tsiro ba ya cin kabon. Shi ma numfashi yake yi, yana shan oksijin tare da kifi.

Abin da ke kashe kifi

A nan ne fahimtar mutane ta fi karkacewa. Ana cewa CO2 na korar oksijin daga ruwa. Ba haka ba ne. Kowace iska da lissafinta, ruwa na iya cika da su biyun a lokaci guda. A akwatin da ke tafiya daidai ma, da rana za ka ga ƙananan ƙwayoyin oksijin sun jeru a gefen ganye suna sheƙi, wasu suna tashi a jere daga inda aka yanke kara, saboda ruwan ya ƙoshi da oksijin har ba ya iya karɓar ƙari.

Illar tana cikin jinin kifi. Kifi yana fitar da nasa CO2 ɗin ne zuwa cikin ruwa ta gaɓar numfashinsa. Idan ruwan ya riga ya cika da ita, ta jikinsa ba ta samun hanyar fita, jini ya yi tsami, ya kasa ɗaukar oksijin ko da ruwan na da shi. Alamun a bayyane suke: kifi ya taru a sama yana buɗe baki, numfashi ya yi sauri, launi ya dusashe, wani ya fara tangaɗi. Jatan lande yakan yi ta zarya ko ya kwanta shiru, dodon koɗi ya haura gilashi yana neman fita. Wanda ya ga haka kada ya tsaya duba launin kwalba. Ya rufe gas, ya kunna famfon iska ko ya ɗaga bakin filta ya riƙa kaɗa saman ruwa, ya sauya wani ɓangare na ruwan.

Wani kuskuren da ya yaɗu shi ne hana saman ruwa motsi don kada gas ya tsere. Tsimin da ke jawo asara ke nan. Saman da ke ɗan rawa yana shigo da oksijin, yana kuma hana CO2 taruwa ba iyaka, sai adadinta ya hau ya tsaya a wuri ɗaya. Gas ɗin da aka yi hasara ta wannan hanya shi ne kuɗin tsaron ran kifi, kuma ni ban ga tsadarsa ba. Kifin nan amana ne, mu muka sa shi a gilashi, ba shi da inda zai gudu.

Zafi da ɗauke wuta

Yawancin shawarwarin da ke yawo an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi da wutar da ba ta yankewa. Mai akwati a Kano ko Maraɗi yana da ƙarin abu biyu da zai lura da su.

Ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. A digiri 25 yana ɗaukar kusan miligiram 8.2 a lita, a digiri 30 ya sauka zuwa wajen 7.5, ga shi kuma jikin kifi ya fi buƙatarsa a zafi. Adadin gas da kifi ya jure a lokacin hunturu yana iya galabaitar da shi a bazara. Tsirran shimfiɗa ma sun fi son digiri 22 zuwa 26. 'Yar fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafin sosai. Ita kanta tukunyar ba ta son zafi: daga digiri 31 abin da ke cikinta ya daina zama ruwa-ruwa, matsinta ya riƙa hawa da sauri. Kada a bar ta a rana ko a cikin mota a rufe. Kilo ɗaya na CO2 yana zama fiye da lita 500 na iska, don haka tukunya mai kilo 2 da ta zube gaba ɗaya a ƙaramin ɗaki rufaffe na iya kai iskar ɗakin matakin haɗari, musamman ga mai kwana a ƙasa, tunda ta fi iska nauyi kuma ba ta da wari. Irin wannan iskar ce ta taso daga Tafkin Nyos na Kamaru a watan Agustan 1986 ta hallaka mutum sama da 1,700 a ƙauyukan kewaye. Tukunyar gida ba ta kai ko kusa ba, amma ba a ajiye ta a ɗakin kwanan yara ba tare da taga a buɗe ba.

Ɗauke wuta kuma shi ya sa ba na ɗaukar solinoyid a matsayin kayan alatu. Idan babu shi, wuta ta tafi, filta ta tsaya, fitila ta mutu, gas kuwa na ci gaba da shiga ruwan da ba ya motsi. Da shi, komai zai tsaya tare. Sai dai agogon kunnawa mai juyawa yana tsayawa idan babu wuta, ya dawo da lokacinsa a karkace, har ya riƙa buɗe gas tsakar dare. A nemi na dijital mai batiri a ciki. Wanda ba shi da sola ko inbata kuma wutarsa ba ta da tabbas, gara ya tsaya a tsirrai masu haƙuri, domin gas na yau akwai gobe babu ya fi rashinsa gaba ɗaya illa. Tsiro yana daidaita jikinsa da adadin kabon da ya saba samu, kuma sauyin yakan ɗauke shi kwanaki. In ana yi masa hawa da sauka, kullum cikin gyara yake, a nan ne baƙar gansakukar nan mai kama gefen ganye ke samun ƙofa.

Yis da sukari, da ruwan da ake kira kabon

Masu ƙaramin ƙarfi kan haɗa yis da sukari da ruwa a gorar roba, gas ɗin da ke tashi ya bi tiyo zuwa akwati. Yana aiki a ƙaramin akwati, amma ba a iya rufe shi da dare, yana ƙaruwa da zafi, ya ragu bayan mako ɗaya ko biyu. In aka toshe shi gorar na iya fashewa. Haɗin sitirik asid da bekin soda a cikin tukunyar ƙarfe ya fi shi, saboda ana iya sa masa bawul da solinoyid.

Ruwan kwalba da ake sayarwa da sunan kabon kuwa, yawancinsa tushensa sinadarin gulutaraldehayid ne, wanda asibitoci ke tsabtace kayan aiki da shi. Ya fi amfani wajen kashe gansakuka fiye da ciyar da tsiro, yana narkar da Vallisneria, kuma in ya yi yawa yana cutar da jatan lande.

Makon farko da abin da ke biyo baya

A fara a ranar da ake gida. A buɗe kaɗan, kamar ƙwaya ɗaya a daƙiƙa biyu ga akwati mai lita 60, a auna pH kafin gas ya kama da kuma bayan awa biyu ko uku, a kalli kifi. Gobe a ƙara kaɗan in da buƙata. Kada a murza bawul sannan a fita kasuwa. Sabon kifi da aka kawo daga shago, a sake shi lokacin da gas ke rufe.

Wanda ya shiga wannan harka ya sani aiki ya ƙaru masa. Tsiron da ke girma da sauri yana cinye taki da sauri, don haka sai an riƙa ƙara masa naitirojin da fosfet da fotasiyam da sinadarin ƙarfe. Sai an riƙa yi masa aski kusan kowane mako, in ba haka ba na sama ya rufe na ƙasa. Yayin da tsirrai ke cika akwati buƙatarsu ta gas na ƙaruwa, bayan babban aski kuma ta ragu, sai a sake duba bawul. Yawancin masu wannan tsari suna sauya kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan duk mako. Faifan tangaram ɗin ma yakan toshe da datti, ƙwayoyinsa su yi girma, sai an jiƙa shi a ruwan bilic, a ɗauraye sosai, a sa shi a maganin cire kulorin kafin ya koma cikin akwati.